Yadda za ka gano gizo-gizo masu ɓadda kama da tocila da wayarka

Yawancinmu gizo-gizo ɗaya muka sani, wannan siririn mai dogayen ƙafafu da ke saƙa yana a kusurwar silin, ana ganinsa a ɗauko tsintsiya. Amma masana sun rubuta sunayen nau'o'in gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, kuma wasu daga cikin mafi ban mamaki suna nan a tsakar gida da gona da jikin mangwaro, kawai dai ba a koya mana kallonsu ba ne. Kayan aiki ba wani abu ba ne, tocila mai haske sosai, waya mai kyamara, kofin gilas da guntun kwali, sai takalmi rufaffe idan da dare za ka fita, don ba gizo kaɗai ke yawo da dare ba, kunama ma tana nan.

Fara da ƙirga ƙafa. Gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike kuma ba shi da waɗannan gashin biyu na kai da tururuwa ke kaɗawa. Ƙwaro kuwa ƙafa 6. Wannan ƙirgar ce za ta tona asirin babban ɗan damfara a cikinsu, wato Myrmarachne, gizon da ya mai da kansa tururuwa. Ka je gindin mangwaro ko lemo inda jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye suke, ka tsaya ka zuba ido, kar ka jingina da bishiyar fa don cizonsu ba wasa. A cikinsu za ka iya ganin wata tana tafiya ita kaɗai gefe, launi ɗaya, ƙugu siriri iri ɗaya, tana ɗaga ƙafafun gaba biyu sama tana kaɗa su, ƙafa shida ne kawai a ƙasa, sai ka rantse tururuwa ce. Ka kai ɗan tsinke kusa da ita. Idan ta daka tsalle ko ta sulalo ƙasa a kan zare, to gizo ne, tururuwa ba ta sauka a kan zare. Dabarar ita ce tsuntsaye da zanzaro da sauran masu cin gizo da yawa ba sa son taɓa tururuwa saboda cizo da tsami, shi kuma ya ari rigarsu ya huta.

Da rana kuma ka duba jikin katanga inda rana ke bugawa, akwai ƙananan gizo masu tsalle, gajeru, masu manyan idanu biyu a gaba. Ba sa saƙa tarko, laɓaɓawa suke su dira kan ƙuda. Ka matsa da waya a hankali za ka ga ya juyo yana kallonka, gaskiya ni waɗannan ne suka fi burge ni, idonsu na da kaifi ƙwarai ga abu ƙarami haka. Danginsu ne Evarcha culicivora da ke kewayen tafkin Victoria a Kenya da Uganda, wanda ya fi son macen sauro da ta riga ta sha jini, ba ya cizon mutum amma jinin mutum yake samu ta cikin sauron.

Furanni ma ka leƙa, musamman fari da rawaya a lambu lokacin damina. Idan ka ga zuma ko malam buɗe littafi ya maƙale a kan fure ba ya motsi, ka duba da kyau, sau da yawa wani gizo ne mai ƙafafun gaba a buɗe yake riƙe da shi, launinsa ya saje da furen sak. Wasunsu na iya sauya launi daga fari zuwa rawaya, amma ba nan take ba, kwanaki yake ɗauka.

Babban aikin dai da dare ne. Bayan isha'i ka fita fili mai ciyawa ko bakin gona, ka ɗora tocilar a gefen kanka daidai saitin ido, ba a hannu ƙasa ba, wannan shi ne sirrin, idan tana ƙasa hasken da ya dawo ba zai shigo idonka ba. Ka haska ƙasa kamar taku goma gabanka kana juyawa a hankali. Za ka fara ganin ƙananan ɗigo suna ƙyalli, kore-kore ko shuɗi-shuɗi, mutum zai ce raɓa ce ko fasasshen gilas, to ka zaɓi ɗaya ka bi shi kar ka ɗauke ido har ka isa, za ka tarar da gizo a zaune, irin masu farauta a ƙasa ba tare da yana ba. Akwai wani shimfiɗi a bayan idonsu mai mayar da haske, irin na idon mage. In ka yi sa'a ka haɗu da uwa tana jan farin ƙunshin ƙwai a bayanta, ko kuma 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun hau gadon bayanta gaba ɗaya, jikinta ya yi burɗin-burɗin, hasken tocila ya bugi ƙananan idanu da yawa lokaci guda.

A cikin ɗaki da dare ka haska bayan kabad, akwai wani ɗan ƙarami mai tudun kai da ɗigo-ɗigo a jiki, tafiyarsa a hankali, ido 6 gare shi maimakon 8 na yawancin gizo. Scytodes sunansa, tofa wa ƙwaro wani abu mai danƙo yake daga ɗan nesa ya liƙe shi a wuri ɗaya sannan ya ƙarasa a natse.

Wajen ɗaukar hoto kar ka yi zum, ka matsa da wayar, ka taɓa sikirin a kan idon gizon don ya fito tas, wani ya riƙe maka tocila daga gefe. Ka ɗauka ta sama da ta gaba, don jerin idanu shi ne abin da masana suka fi dubawa. In yana gudu ka kifa kofin a kansa ka zura kwali ta ƙasa, ka ɗauka, ka sake shi inda ka same shi. Akwai manhajar iNaturalist kyauta, ka ɗora hoton da wurin da ka gan shi, mutane za su taya ka gano ko wane ne.

Wanda ba a wasa da shi: idan ka ga ƙunshin ƙwai zagayayye mai tsini-tsini kamar ƙarangiya a ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokiti ko cikin tsohuwar taya, uwar tana kusa, ruwan ƙasa ce mai tambarin ruwan lemo a ƙasan cikinta, Latrodectus geometricus, dafinta na da zafi sosai. Kar ka sa hannu, kuma in ta ciji yaro a kai shi asibiti, kar a tsaya tsaga wurin.

Akwai waɗanda sai dai a bidiyo. Ka nemi Cebrennus rechenbergi na yashin Erg Chebbi a Maroko, wanda aka sa wa suna a 2014, idan ya ji tsoro alkafura yake yi yana gudu har ya hau tudun yashi da ita. Sai Caerostris darwini na Madagaska da aka bayyana a 2010, zarensa na ƙetare kogi har mita 25, da Argyroneta aquatica na Turai da Asiya da ke zaune a ƙarƙashin ruwa cikin kumfar iska da yake saukowa da ita a jikin gashinsa. Ka rubuta sunayen daidai yadda suke a nan, in ba haka ba YouTube zai kawo maka shirme.