Perseverance: Kurakuran Da Na Gaji Da Gyarawa

Akwai kalmomin Turanci da ɗalibanmu ke ƙauna fiye da kima, kuma perseverance na sahun gaba. Ka ba yaro insha'i kan sirrin nasara, kafin ya kai layi na biyar ta fito. Ka buɗe takardar neman aiki ko ta neman tallafin karatu, tana nan daram. Abin takaicin shi ne, yawancin masu ɗauko ta ba su iya rubuta ta ba, ba su iya furta ta ba, in kuma aka ce su mai da ta Hausa sai su cafko duk kalmar da ta fara faɗo musu. Jan birona ya gaji da zagaye abu ɗaya, shi ya sa na ga gara in tattara kurakuran wuri guda, wanda ya ji ya ji.

Mu fara da rubutu, don shi ne mai sauƙin magani. Wasu kan cusa mata harafin r na ƙari su rubuta perserverance, wasu kuma su ƙare ta da ence maimakon ance. Dabarar da nake koya wa yarana ita ce su nemo kalmar severe da ke kwance a cikinta. Wannan ba wasan haddace ba ne kawai, asalin ke nan. A harshen Latin akwai severus, wato mai tsanani, wanda ba ya wasa da abin da ya sa gaba. Aka ɗora masa per a goshi don ƙarfafawa, aka samu perseverare, wato mutum ya tsaya kan abu da gaske har ƙarshe. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci, sannan ta tsallaka Ingila a ƙarni na 14, cikin ayarin kalmomin Faransanci da suka yi ta kwarara cikin Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. To, ka rubuta per, ka rubuta severe, ka cire e na ƙarshe, ka liƙa ance. An gama.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa tana da dangantaka da severance, wadda ake gani a maganar kuɗin sallamar ma'aikaci. Kama ce kawai. Waccan daga separare ta fito, wato rabawa.

Furuci: a Turancin yau nauyin murya na kan gaɓa ta uku, inda ake jan "vi". Mu kuma sai mu danna gaɓa ta biyu. Abin dariyar shi ne, mai danna ta biyun ya yi daidai, amma ya makara da shekara ɗari huɗu. A baitocin Shakespeare nauyin a kan gaɓa ta biyu yake faɗawa, duk wanda ya auna baitin da ta fito a cikin wasan Macbeth zai ji hakan. Sai dai mai yi maka tambayoyi a wurin neman aiki bai san da wannan uzuri ba.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Don Allah, ku daina fassara perseverance da haƙuri. Na san dalilin da ya sa ake yi. Haƙuri babbar kalma ce a wurinmu, ta lulluɓe wuri mai faɗi. Da ita muke ta'aziyya, da ita muke neman gafara in mun taka ƙafar wani, da ita muke lallashin mai bin mu bashi, da ita ake sallamar amarya ranar kai ta ɗaki. To amma ku duba dukkan waɗannan, me ake nema daga mutum? Ya danne zuciya, ya shanye, ya jira. Turancin wannan shi ne patience, kuma ita ma tushenta na Latin, pati, ma'anarsa shan wahala. Ita kuwa perseverance ba ta yiwuwa a zaune. Dole sai an samu abu uku: manufa da aka nufa, cikas da ya tare hanya, da kuma aiki da ake ci gaba da yi duk da cikas ɗin. In ɗaya ya faɗi, kalmar ta faɗi.

Ɗauki manomin gero. Ruwan farko ya sauka, ya fita da iri da sungumi ya yi shuka, ta tsiro. Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, tsiron ya ƙone ƙurmus. In ya zauna a gindin bishiya ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, bai zagi kowa ba, bai huce a kan iyalinsa ba, ya yi haƙuri, kuma abin yabo ne. In kuwa ya tashi ya ranto iri wurin maƙwabci, ruwa na sake sauka ya koma ya yi wata shukar, ta sake lalacewa ya juya ya zuba wake don kada damina ta wuce shi a banza, wannan shi Bature zai kira perseverance. Mutum ɗaya na iya haɗa biyun, amma ba abu ɗaya ba ne.

Kullum in na faɗi haka sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malam, ai an ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Gaskiya ne, kuma a wannan karin maganar haƙuri ya matso kusa ƙwarai. Amma ka lura, mai dafa dutsen nan ba tagumi ya yi ba, yana tura itace yana ƙara ruwa. Karin maganar ce ta ba shi aikin yi. Kai da kake fassara jimla guda a jarida ba ka da wannan tukunya da murhu da za su yi maka bayani. In ka rubuta haƙuri tsurarsa, mai karatu zai hango mutumin da ya sunkuyar da kai ne.

A watan Fabrairun 2021, lokacin da hukumar NASA ta Amurka ta sauke motar bincikenta mai taya shida a duniyar Mars, na ga wani ya rubuta a Facebook cewa sunan motar "Haƙuri". Na kusa jefar da wayar. An harba ta a ƙarshen watan Yulin 2020, ta yi tafiyar kusan wata bakwai, ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairu don haƙo duwatsu da neman alamun ko wata halitta ta taɓa rayuwa a can. Sunan kuma wani ɗalibi ne ɗan shekara 13 daga jihar Virginia ya ba da shawararsa, a gasar rubutu da aka samu shigarwa kimanin 28,000. Yaron ba yana yabon ɗan Adam da iya zaman jira ba ne. Yana nufin ana faɗuwa ana tashi ana sake gwadawa.

To me za a rubuta? Ni dai al'adata, dagewa nake fara gwadawa, in jimlar ta fi son nauyi in sa jajircewa. Juriya ma tana shiga, amma ina taka-tsantsan da ita, domin ta fi kusa da endurance, wato iya ɗaukar wahala ba tare da karyewa ba, kamar mai azumi a tsakiyar bazara. Sau da yawa ma ba na neman suna guda. Hausa ta fi jin daɗin aikatau. Maimakon in ce "dagewarta ce ta kai ta ga nasara", sai in ce "ta dage, ba ta karaya ba, har ta kai". Na san akwai abokan aiki da ba su yarda da ni ba kan juriya, suna ganin ita ce ta fi dacewa ko'ina. Su yi tasu, in yi tawa.

Kuskure na biyu a fassara shi ne wanda ya taɓa cin aljihuna, don haka ku ba ni dama in daɗe a kansa. Ɗaukar persistence da perseverance a matsayin tagwaye. Ƙamus ɗin aljihu ne ke jawo wannan, don sai ya jera su a layi ɗaya kamar ba bambanci. Persist daga per da sistere ta fito, wato tsayawa cak a wuri a ƙi gusawa. Ba ruwanta da ko abin da ya tsaya ɗin alheri ne ko sharri, ba ruwanta ma da ko mai rai ne. Zazzaɓi yana persist. Jita-jita tana persist. Wari a ɗaki yana persist. Ɗan talla da ya biyo ka tun daga bakin kasuwa har mota shi ma persistent ne. Amma babu zazzaɓin da ke persevere, domin perseverance yabo ce, kuma sai mai niyya ake yi wa ita.

An taɓa ba ni kwangilar fassara takardar wayar da kai kan tarin fuka. Aiki ya yi min yawa, na miƙa wani ɓangare ga wani yaro da nake koya wa sana'ar, na kuma yi sakacin da ban bi bayansa layi-layi ba. Inda aka ce persistent cough na mako biyu ko fiye alama ce da ya kamata a je asibiti a yi gwajin majina, sai ya rubuta "tari mai juriya". Aka buga, aka ɗaure bandir-bandir. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗaga takardar ta ce, "Malam, tarin ne mai juriya ko mai tarin?" Ɗakin ya ɗauki dariya, ni kuwa gumi ya karyo min. Abin da ya fi dariyar muni shi ne, wanda ya karanta a ƙauye zai iya fahimtar cewa ana ce masa ne ya jure tarin, alhali saƙon gaba ɗaya shi ne kada ya jure, ya tashi ya tafi asibiti. Kuɗin sake bugawa daga ladana aka cire, kuma masu aikin ba su sake nemana ba. "Tarin da ya ƙi warkewa", kalma biyar, shi ke nan abin da ake buƙata.

Tun daga ranar, duk inda na ci karo da persistent sai na tsaya na tambayi kaina: wa ke yin abin, kuma marubucin yabo yake ko ƙorafi? In cuta ce ko matsala, "ya ƙi ci ya ƙi cinyewa" ko "ya ƙi tafiya". In mutum ne mai damun jama'a, naci. In mutum ne da ake yaba wa, sannan dagewa ta shigo. Ku ma masu rubuta wa ɗalibai takardar shaida ku kiyaye. Persistent na iya zama yabo, amma tana da baki biyu, mai karatu na iya jin "wannan yaron akwai naci". In yabo tsantsa kake nufi, ka ce yana da perseverance ka huta.

Akwai wata ma'ana da 'yan ajin adabi da tarihi ke tuntuɓe da ita, don ba su san tana nan ba. A tsofaffin rubuce-rubucen Turai kalmar ta addini ce kafin ta zama ta masu laccar neman nasara. Augustine, babban malamin Kirista na garin Hippo, wanda yake Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya rubuta littafi sukutum a kanta gab da rasuwarsa a shekarar 430, yana cewa tabbata cikin imani har mutuwa baiwa ce daga Allah, ba ƙoƙarin bawa ba. Daga baya mabiya malamin Furotesta John Calvin suka tsayar da ita cikin aƙidunsu a taron Dort na ƙasar Holan, 1618 zuwa 1619, da sunan perseverance of the saints, ma'ana wanda Allah ya zaɓa ba zai fita daga imani fitar ƙarshe ba. Ka ga a nan in ka rubuta "ƙwazon waliyyai" ka yi ɓarna biyu a kalma biyu. Ba ƙwazo ake nufi ba, kuma saints ɗin a bakinsu masu bi ne baki ɗaya. Kunnen Bahaushe zai fi gane ta in aka kusanto da ita wajen addu'armu ta Allah ya sa mu cika da imani, ko da yake aƙidar da ke ƙarƙashi daban ce, kuma wajibin mai fassara ne ya bar ta a matsayin tasu.

Sauran ƙanana ne. Persevere ba preserve ba ce. Ta biyun adanawa ce, irin ta busar da tumatir da kuɓewa. Persevere aikatau ƙi-karɓau ce, ba a cewa "he persevered the hardship", sai an sa with ko in ko through a tsakani. Perseverance ba ta da jam'i, kada in sake ganin s a wutsiyarta. In sifa kake nema, persevering ce. Perseverant tana cikin manyan ƙamusai, amma da wuya ka ji ta a bakin mai harshen. Steadfast kuwa 'yar gida ce, daga tsohon Turanci, stede wuri, fæst kafaffe, ta fi dacewa da tsayuwa kan alkawari ko aƙida fiye da ci gaba da wani aiki.

Sai masu Turancin burga, waɗanda suka yi imani cewa duk kalmar da ta fi tsawo ta fi daraja. Su ne ke tono perseverate su sa a madadin persevere. Wannan kalmar likitocin ƙwaƙwalwa ce. Perseveration shi ne mutum ya yi ta maimaita kalma ɗaya ko motsi ɗaya bayan dalilin yinsa ya wuce, ba don yana so ba, sai don ƙwaƙwalwar ta kasa sauya hanya. Ana ganinsa ga wanda ya samu rauni a ka, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon mantuwa na tsufa. A tambaye shi sunansa ya faɗa, a tambaye shi garinsu ya sake faɗin sunan, a tambaye shi shekarunsa ya kuma faɗin sunan. Wani ɗalibina ya kawo min takardar neman gurbin karatun likita a waje, ya rubuta a sakin layi na farko cewa shi mutum ne da ke perseverate a duk abin da ya sa gaba. Likitoci ne fa za su karanta takardar. Na sa shi ya buɗe ƙamus a gabana ya karanta ma'anar da ƙarfi, sannan na miƙa masa biro ya gyara da hannunsa.