Kurakuran da ke kashe jaririn kurege wada a hannun masu rainonsa

Ni dai na gaji wallahi. Duk wanda ya tsinci jaririn kurege ya zo yana tambaya, kafin ya gama bayani na riga na san abun da ya yi: ya ɗura masa madarar shanu da fida jikinsa a sandare, washegari kuma a ce "kawai sai muka ga ya mutu". Ba kawai ba ne. Idan kuma kuregen wada ne, irin wanda aka haifa da matsalar girma, kai babba a dunƙule, ƙafafu gajeru, jela guntuwa, tafiya yana tangaɗi, toh kuskuren da lafiyayye zai sha ya miƙe shi wannan ba zai miƙe ba.

Tukunna ma ku daina kiran kowane ƙaramin kurege wada. Wani yunwa ce ta tsotse shi, wani jinsinsu ne ƙanana kamar kurege mai tashi, wani kuma uwarsa na nan kusa tana nemansa kun ɗauke mata ɗa. Idan ba rauni a jikinsa a sa shi a kwali da abun ɗumi a gindin bishiyar a koma nesa, sau da yawa za ta zo ta ɗauka. Wadan ne za ka mayar ta sake wurgo shi ƙasa, ko ta kwashe sauran ta bar shi. Likitan dabbobi ne zai tabbatar, ba hoton da ka gani a waya ba.

Ɗumi kafin komai. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abinci, abun da ka ba shi zama zai yi ya lalace a ciki. Shinkafa a cikin safa a ɗumama, ko gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma, a ajiye ta gefe ɗaya na kwalin don in zafi ya yi masa yawa ya matsa. In ya ɗumama sai ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 1 na gishiri, babban cokali 3 na sukari, ko Pedialyte, ruwan da ake saya don yara masu zawo, ɗigo ɗigo, kuma kar ya wuce awa 24 a kai saboda gishirin. Sannan madara. Wada kuwa ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar 'yan uwansa, ko gashi ya fito masa kar a cire abun ɗumin don an ga wai ya kai.

Yanzu ga wanda yake ƙona min rai. Ciyarwa da lissafin makonni. Za ka ga jadawali an rubuta kurege mai ruwan toka ana haifarsa wajen giram 15, ido yana buɗewa tsakanin mako 4 da 5, yaye wajen mako 10, mako kaza zai sha mil (mililita) kaza. Jadawalin gaskiya ne amma na lafiyayye ne. Wada yana iya kai mako 8 nauyinsa na ɗan mako 4, cikinsa kuma na nauyin ne ba na shekarun ba. Lissafin da ke aiki ɗaya ne, a aza shi a sikelin giram kullum da safe kafin ya sha, a ba shi kashi 5 cikin 100 na nauyin a kowace ciyarwa. Mai giram 40 mil 2, mai giram 60 mil 3, shikenan. Wasu suna kai wa kashi 7, ni ga wada ba na kai wa, gara na ƙara yawan lokutan ko da zan tashi tsakar dare. Wanda ba shi da sikeli yana cewa yana auna wa da ido, malam ba raino kake ba caca kake.

Akwai wani wada da na raina har ya fara riƙe sirinji da hannayensa biyu, tafiya ta kama ni na bar shi a hannun wata da ta ce ta saba da jariran mage. Na rubuta mata komai a takarda, na nuna mata layin da za ta tsaya a jikin sirinjin. Tausayi ya kama ta, wai ya yi ƙanƙanta da yawa kuma yana ta wawurar kan robar, ta ajiye sirinjin mil 1 da na bari ta ɗauko babba, ta kwantar da shi rigingine a tafin hannu tana dannawa. Madara ta fito ta hanci, ta goge ta ci gaba, ba ta faɗa min ba sai daga baya. Da na dawo na kara shi a kunnena na ji ƙas, ƙas, ƙas, kowane numfashi da ƙararsa, ya ƙi karɓar nono, jiki ya saki. Madara ta shiga huhu ta zama nimoniya. An fara maganin amma an makara. Har yau in na ga mutum da fida ko sirinjin mil 5 a bakin ɗan kurege raina ɓaci yake. Haba jama'a! Wawurar da yake yi ba ita ce ke nuna yunwa ba, kurege haka yake, zai sha har ya halaka kansa, wada kuma ko haɗiyar ma ba ta daidaita masa ba. A riƙe shi a tsaye ko a kan cikinsa, kan sirinjin yana kallon saman bakinsa, babban yatsa a kan abun dannawa yana tare shi don in ya zuƙa da ƙarfi kar ya kwararo. In kumfa ta fito a hanci a tsaya nan take, a sunkuyar da kansa ƙasa, a goge hancin, a jira. In an ji wannan ƙarar ko ba lokacin shan nono ba, likita ranar, ba gobe ba, yawanci Baytril, maganin kashe ƙwayoyin cuta, suke bayarwa kuma su ne za su auna masa gwargwadon nauyinsa, kar ka ce za ka ɓantari ƙwaya da kanka.

Madarar kanta: ba ta shanu, ba ta jariran mutane, zawo za su sa shi. Madarar gari ta 'yan kwikwiyo Esbilac, ko Fox Valley da aka yi don irin su kurege, gari 1 ruwa 2, ni ina haɗawa na bar ta a firij ta kwana don ta narke sosai sannan na ɗumama iya abun da zai sha. Kar a tsallaka daga ruwan gishiri zuwa mai kauri lokaci ɗaya, a fara da tsararo. Bayan kowace ciyarwa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasa har ya yi fitsari da kashi, uwarsa da harshe take yi, wada kuma wani ko ido ya buɗe sai an ci gaba da taya shi. Tawul kar a sa, zaren yana kama farce har ya karya yatsa, tsohuwar riga mai laushi ta fi. In mage ce ta kawo shi, ko ba ka ga rauni ba sai an ba shi magani, yawun mage kaɗai ya isa. A duba kunne da ƙasan jela ko ƙuda ya yi ƙwai.

Na biyu da nake faɗa a kai kullum, gyaɗa. Kowa a kansa kurege gyaɗa yake ci, da ido ya buɗe sai a cika masa kwano da gyaɗa da masara da 'ya'yan sunflower, ana ɗaukarsa bidiyo yana gurgura ana dariya. Waɗannan abubuwan sinadarin fosfaros ya yi musu yawa kalsiyam kaɗan, shi kuma jikinsa yana son kalsiyam ya ninka fosfaros sau 2, in bai samu a abinci ba sai ya dinga zara daga ƙashinsa. Ba a gani da wuri, abun takaicin kenan. Wata da watanni yana wasa lafiya, rana ɗaya a wayi gari yana jan ƙafafun baya, ko a taɓa shi ya yi ƙara ya kai cizo, ko jijjiga ta kama shi. Toh ka ɗora wannan a kan wada da dama ƙashinsa ba daidai ya ginu ba. A gidana an taɓa yi min haka, ina auna abinci a gaba ana bi ta baya ana miƙa masa gyaɗa ta ramin keji wai ana tausaya masa na hana shi daɗi, sai da na ga ya daina hawa ɗan itacen da ya saba hawa, yana kwana a ƙasa, na ɗaga shimfiɗar na tarar da ɓawo tuli a ɓoye a kusurwa. Makonni muka yi ana ba shi kalsiyam a sirinji sau da yawa a rana kafin ƙafar ta dawo, kuma ba ta dawo duka ba. Tun daga nan na kafa doka, wanda na kama da gyaɗa a kusa da keji ba ya sake shiga ɗakin. Abincin farko da zai sani shi ne dunƙulen abincin ɓeraye na kamfani, irin su Mazuri ko Henry's, sai ya karɓe shi sosai sannan ganye, gyaɗa kuwa guda ɗaya jefi jefi in ya cinye na kirki. Kurege wayo gare shi, in ya fara sanin gyaɗa zai yi maka yajin cin abinci, kar ka karaya. In alamun ciwon ƙashin sun bayyana a daka Tums, ƙwayar maganin ƙwannafi mai kalsiyam, a dama da ruwa a fara ba shi a kan hanyar zuwa wurin likita.

Kuma don Allah a daina yaye wada da ƙarfi. Muddin yana karɓar madara a bar shi, wasu har ƙarshen rayuwarsu da ita suke rayuwa saboda tauna tana musu wuya, ni ban ga abun kunya a ciki ba. In ya yi laushi kwatsam yana lumshe ido, ɗan zuma a dasashi, sukarin jikinsu yana faɗuwa da sauri.

Keji dogo mai hawa hawa na lafiyayye ne. Wada zai hau ya faɗo, a yi masa mai faɗi gajere, ƙasa da shimfiɗa mai taushi, kwanon ruwa marar zurfi. Kar a haɗa shi da manya wai ya samu abokai, za su danne shi su cinye abincin.

Masu cewa za su sake shi ya koma daji in ya girma, ku bari, ba zai kai dare ba, bai iya hawa ba bai iya gudu ba. Wanda ya ɗauki wada ya ɗauki aikin da sai mutuwa ta raba, kuma yawanci ba sa daɗewa kamar sauran, gara ka sani tun yanzu. Sannan a binciki doka. A Ingila tun Disamba 2019 haramun ne sakin kurege mai ruwan toka, ajiye shi ma sai da lasisi. Jihohin Amurka da yawa sai mai lasisin rainon namun daji, kowa ya ji abun da ya faru da kuregen nan Peanut da wani ya ajiye a gidansa a New York a Oktoba 2024, hukuma ta ƙwace shi aka kashe shi don gwajin cutar haukan kare. In akwai mai lasisi kusa da kai miƙa masa shi ne ya fi.

Haƙori kuma a dinga dubawa duk mako. Na gaban nan ba sa daina tsiro, wajen santimita 15 a shekara, gogayyar na sama da na ƙasa ce ke rage su, wada kuma sau da yawa muƙamuƙinsa a karkace yake ba sa haɗuwa, sai na sama su lanƙwashe su shige ganɗa. In ka ga yana dalalar da yawu, gashin haɓa a jiƙe, ya ɗauki abinci ya ajiye, sikeli yana ja baya, buɗe bakin. Kar ka sa abun yanke farce, yana tsaga haƙorin har cikin saiwa ya yi ƙurji. Likita ya rage, ka tambaye shi bayan mako nawa za ku dawo, ka rubuta ranar a jikin kejin.