Babi na Bakwai: Loda Babur Mai Ƙafa Huɗu a Bayan A-kori-kura

'Yan'uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na aikin hannu ne, don haka wanda yake da hali ya karanta shi yana tsaye kusa da motar, yana taɓa duk abin da aka ambata. Motar da muke magana a kai ita ce matsakaiciyar a-kori-kura, irin Toyota Hilux ko Ford Ranger. Babur kuwa shi ne mai taya huɗu masu kauri, wanda ake shiga gona da daji da shi, a jikin takardunsa za ku ga an rubuta ATV. Ku karanta a hankali. In layi ya shige muku duhu, ku sake shi, babu kunya a cikin haka.

Darasi na 1: Awo da lissafi

Buɗe ƙofar direba. Dubi jikin ƙarfen da ƙofar take rufewa a kansa. A motoci da yawa akwai 'yar takarda manne a wurin, mai ɗauke da lambobi. In babu, duba littafin motar. Abin da kake nema shi ne nauyin da aka yarda motar ta ɗauka. In ka ga haruffa biyu, k da g, bayan lamba, kilo ake nufi. In ka ga lbs, wani ma'auni ne daban, raba lambar kashi biyu ka ɗan rage kaɗan, za ka sami kilo, domin kilo 1 ya kai lbs 2.2.

Wannan lamba ta haɗa har da mutanen da ke cikin motar. A nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Ga misali. A ce an rubuta kilo 700. Kai da abokin tafiyarka kilo 150. Babur kilo 320. Tsani da bel da jarkar mai kilo 40. Jimla 510, ke nan akwai rara. In lissafinka ya haura abin da aka rubuta, rage kaya ko ka nemi tirela. Baburan aiki na manya sukan kama daga wajen kilo 250 zuwa 400, amma ka duba littafin naka.

Yanzu ɗauko tef. Auna faɗin bodi a tsakanin tudun nan biyu da ke rufe tayoyin baya, wurin yakan ɗan wuce mita 1 kaɗan. Auna faɗin babur daga bayan taya zuwa bayan taya. Auna tsawon bodi, wanda yakan zama wajen mita 1.5 ko 1.8, alhali baburan da yawa sun kai mita 2. Ma'ana ƙyauren baya ba zai rufu ba, tayoyin baya za su zauna a kansa. Saboda haka dubi wayoyi ko sarƙoƙin da ke riƙe da ƙyauren. In sun yi tsatsa ko sun fara tsinkewa, a canza su tukuna. Shimfiɗa katako mai kauri daga cikin bodi har kan ƙyauren yana taimakawa wajen raba nauyi.

Darasi na 2: Tsani, da ɗaure tsani

Tsani a nan shi ne ƙarfen da ake jinginawa daga ƙasa zuwa bakin ƙyauren don babur ya bi ya hau. Wani guda ɗaya ne mai faɗi da ake ninkewa, wani biyu ne, kowane gefe da nasa. A jikinsa an rubuta nauyin da yake ɗauka, kuma dole lambar ta fi nauyin babur da na mahayi a haɗe. Dogon tsani ya fi gajere, don hawansa ba ya tsayuwa sosai. Kada ku yi amfani da falankin da kuka tsinta.

Ajiye motar a wuri mai tauri, ba santsi, ba yashi. In akwai ɗan tudu, juya mata baya gare shi, ka kafa ƙasan tsanin a kan tudun, hawan zai kwanta. Kashe inji, ja birkin hannu, bar ta cikin giya, sa dutse ko gungume a bayan taya.

To, yanzu ku ba ni hankalinku duka. Ɗora leɓen tsanin a kan ƙyauren. Ɗauki bel ɗin da ya zo da tsanin, maƙala ƙugiya ɗaya a jikin matakalar tsanin, ɗayar kuma a ƙarfe mai ƙarfi a ƙarƙashin motar, wurin da ake jan tirela ko jikin shasi. Ja bel ɗin ya yi tsam. Tsani biyu, bel biyu.

Me ya sa? Lokacin da tayoyin gaba suka shiga bodi, tayoyin baya suna kan tsani suna turawa. Suna tura babur gaba, suna kuma tura tsanin baya. In babu abin da ya riƙe shi, leɓen zai zame daga ƙyauren, tsanin ya faɗi, babur ya yi tsaye ya kife da baya, mahayi yana ƙarƙashinsa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, ba a samun damar tsalle.

Mu sake. Ɗora tsani. Maƙala ƙugiya a tsani. Maƙala ɗayar a motar. Ja ya yi tsam. Sai ka kama ƙasan tsanin da hannu biyu ka fizge shi baya da ƙarfi. Ya motsa? Bai ɗauru ba, sake ja. Bai motsa ba? Madalla, ka iya.

Na ga ɗaliban da suka amsa wannan daidai a aji, aka fita fili sai ga su sun jingina tsani sun nufi babur, bel ɗin yana kwance a ƙasa. In an tambaye su sai su ce ai tsanin yana da nauyi, ko ai sau ɗaya ne kawai. Haba jama'a! Ku manya ne, da iyali a bayanku. Aikin da bai kai minti biyu ba shi za ku yi wa ƙyuya? Nauyin tsani ba ya riƙe shi, hannun yaro ba ya riƙe shi, ƙafar abokinka ba ta riƙe shi. Bel ne yake riƙe shi. Rubuta wannan a littafinka da manyan baƙi: NA ƊAURE TSANI?

Darasi na 3: Hawa

Sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta. Kori kowa daga gefen tsani da cikin bodi. A gaban bodi, jikin gidan direba, ajiye tsohuwar taya ko gungumen katako, domin bambar babur takan fasa gilashin baya in ta kai gare shi.

Kafin ka hau, koma ka fizgi tsanin. Na san ka riga ka yi. Sake yi.

Daidaita babur ya fuskanci tsanin sak, kowace taya a tsakiyar hanyarta. Dubi haruffan da ke wurin giya. L ita ce giya mai ƙarfi marar gudu, ita za ka sa. H ta gudu ce, R ta komawa baya, N babu giya, P ta ajiyewa. In giyar naka da ƙafa ake sa ta, sa lamba 1. In akwai maɓallin da aka rubuta 4x4 ko 4WD, danna shi, tayoyi huɗun su ja tare.

Karkata jikinka gaba, ƙirji wajen kan babur. Danna totur da babban yatsa a hankali, ka riƙe shi daidai, ba ƙari ba ragi, har tayoyin baya su wuce leɓen tsani. Kada ka taho da gudu daga nesa. Kada ka tsaya a tsakiya sannan ka danna da ƙarfi, nan ne gaba yake ɗagawa. In ya mutu ko ya tsaya, kama birkin gaba, ka sulalo baya a hankali ka sake. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kada ya hau. In babur ɗin yana da winci, wato na'urar ja mai igiyar ƙarfe a gabansa, a maƙala ta a gaban bodi a ja shi babu kowa a kai. Wannan ma iyawa ce.

Darasi na 4: Ɗaure babur

Sa P ko giya, kulle birki, kashe inji, cire makulli, rufe famfon mai in akwai. Bel huɗu ake so, masu hannun matsewa, biyu gaba biyu baya. A jikin bel akwai lambobi biyu. Ƙaramar, wadda ake rubuta WLL a gabanta, ita ce ta aiki, da ita za ka yi lissafi. Babbar ta inda yake tsinkewa ce.

Maƙala a jikin ƙarfen babur na ƙasa, ba a roba ba, ba a sitiyarin babur ba, kuma kada bel ya danne wayar birki. Ɗaya bakin ya tafi zoben da ke kusurwar bodi. Na gaba su ja gaba, na baya su ja baya. Matse har babur ya ɗan zauna. Girgiza shi. In shi da motar suna motsi tare, ya yi. Naɗe jelar bel. Tsanin ma a ɗaure shi a cikin bodi.

Darasi na 5: A kan hanya

Duba iskar tayoyin motar. Kaya sun yi sama, don haka rage gudu kafin kwana, ka bar tazara mai yawa, birki ba zai kama da wuri ba. Bayan 'yan kilomita ka tsaya ka sake matse bel, sukan saki. Kada kowa ya zauna a kan babur.

Darasi na 6: Saukewa

Wuri mai tauri, birkin hannu, hular kwano. Ɗora tsani, ɗaure shi, fizge shi, tun kafin ka kwance bel ɗin babur. Sa R, karkata gaba, sauko a hankali da birkin gaba. Kada ka taka na baya da ƙarfi.

Aikin gida: auna bodin mota ɗaya, ka rubuta faɗinsa da tsawonsa. Ɗaure tsani sau biyar a gaban wani, ya fizga ya gani.