Yadda ake auna 'yan wasa bayan wasan ƙungiya ta biyu a ƙwallon Ostareliya

Yawancin sababbin masu sharhi a kan ƙwallon Ostareliya hanya ɗaya suke bi in ƙungiya ta biyu, wato ta 'yan wasan kulob da ba su samu gurbi a babbar ƙungiya ba, ta gama wasa. Jiniyar tashi na kaɗawa sai su buɗe waya, su duba wanda ya fi kowa taɓa ƙwallo, su ɗora shi a sama, su ce koci bai yi adalci ba in bai ɗauko shi zuwa babbar ƙungiya ba. Ranar Alhamis da yamma a fitar da sunaye, gwaninsu babu shi, an ɗauko wani ɗan baya da ya taɓa ƙwallo sau tara kacal. Sai ka ji ana zargin son kai. Alhali tambayar da ake yi bayan irin wannan wasa guda ɗaya ce: abin da yaron nan ya yi yau, zai iya maimaita shi a AFL, babbar gasar ƙasar, inda ake gudu fiye da haka kuma ba a ba mutum sakan biyu ya yi tunani? Duk matakan da ke ƙasa don amsa wannan tambayar ne.

Fara da sanin su wa aka kara da su

Tun da aka rufe gasar ƙungiyoyi na biyu ta AFL a ƙarshen 1999, yaran da ba su samu gurbi ba suna buga gasannin jihohi ne. Na Biktoriya suna VFL, gasar jiharsu, kuma tun 2021 na Sidni da Birisben da Gold Coast ma can suke. Adelaide da Port Adelaide suna SANFL, gasar jihar Ostareliya ta Kudu. West Coast na da tata ƙungiyar a WAFL, gasar jihar Ostareliya ta Yamma, Fremantle kuwa tana tura nata yaran Peel Thunder, yadda Hawthorn ke tura nata Box Hill, Melbourne kuma Casey.

Abin da wannan ke nufi shi ne ƙarfin abokin karawa yana bambanta ƙwarai daga mako zuwa mako. Kowace ƙungiya ta biyu gauraye take: akwai masu kwantiragin AFL, akwai waɗanda ake cika gurbi da su, masu zuwa aikinsu da rana su yi atisaye da yamma. In rauni ya yi wa kulob yawa, rabin ƙungiyar 'yan cike gurbi ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kulob-kulob masu cin gashin kansu irin Werribee, Williamstown, Port Melbourne da Southport, cike da ƙarti da suka shekara suna wasa tare. Werribee ce ma ta ɗauki kofin VFL a 2024. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ƙirga masu kwantiragin AFL nawa ne a kowane ɓangare. Taɓawa ashirin a gaban 'yan tsakiyar Werribee ta fi talatin da biyar a gaban yaran da aka tattaro ranar Juma'a.

Me ya kawo kowa wannan wasan?

Ba dalili ɗaya ya tara su ba. Wani tsohon hannu ne da ya dawo daga jinya, likitoci sun yanke masa mintunan da zai yi. Shi abin dubawa a wajensa jiki ne: yana tsere da ƙarfinsa, yana juyawa ba tare da ɗari-ɗari ba, ya fita lafiya? Wani kuma sauke shi aka yi da saƙo, misali ya gyara matsa wa abokin hamayya, to a kan saƙon za ka auna shi. Akwai ɗan shekara goma sha takwas da aka ɗauko bana, akwai dogon da ake raino wanda sai ya shekara uku ko huɗu kafin jikinsa ya cika. Akwai kuma ɗan ko-ta-kwana na babbar ƙungiya, wanda za a iya cire shi a rabin lokaci don a adana shi.

Duba kason lokacin da kowa ya yi a fili. Wanda ya yi kashi sittin cikin ɗari ya taɓa ƙwallo sau goma sha huɗu bai gaza wanda ya yi kashi casa'in ya taɓa sau ashirin ba.

Sannan ka kalli babbar ƙungiya ka ga ina ne ƙofa take a buɗe. A 2019 Richmond ta ɗauko Marlion Pickett daga South Fremantle a tsakiyar kaka, yana da shekara 27. Shi aka ba kyautar gwarzon wasan ƙarshe na VFL da suka doke Williamstown, bayan kwana shida kuma ya buga wasansa na farko na AFL a wasan ƙarshe da GWS, wani kulob na Sidni, abin da ba a gani ba tun 1952. Ya yi ƙoƙari, ba shakka, amma kafaɗar Jack Graham da ta goce a wasan kusa da ƙarshe ita ta buɗe masa ƙofar. In 'yan tsakiyar babbar ƙungiya duk lafiyarsu ƙalau kuma suna cin wasa, ɗan tsakiyar da ya haskaka a ƙasa zai ci gaba da jira, kuma ya kamata sharhinka ya faɗi haka ƙarara.

Auna kowace taɓawa, kada ka tara su kawai

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan zan daɗe.

Dokata ita ce kada ka buɗe alƙaluma sai ka rubuta abin da idonka ya gani. Takarda da biro, suna biyar ko shida da ka sa wa ido, layi biyu a kan kowa bayan kowane zango cikin huɗun. In ka riga ka ga lamba talatin a gaban sunan mutum, idonka zai riƙa nemo masa uzuri. Ba sai ka kashe kuɗi ba, ana nuna wasannin VFL a shafin AFL na intanet, kuma kana iya komawa baya ka sake kallo. Wanda ke Kano ko Zinder ya sani cewa ƙarfe biyu na rana a Melbon a lokacin hunturunsu biyar na asuba ne a wajensa, gara ya jira maimaici.

Yanzu ka ɗauki ɗan wasa ɗaya ka bi taɓawarsa ɗaya bayan ɗaya. A kowace ka tambayi abu uku: ta yaya ƙwallon ta zo hannunsa, sarari nawa yake da shi, kuma ina ta ƙare bayan ta bar shi?

Ɗauki misalin ɗan tsakiya a lokacin da alƙali ya jefa ƙwallo sama. Dogaye biyu, ɗaya daga kowace ƙungiya, sun yi tsalle don doke ta zuwa ga nasu, ƙwallo ta faɗo tsakanin ƙafafu takwas. Ɗaya ya sunkuya, kansa a kan ƙwallo, ya ɗauke ta da taɓawa ɗaya, an riga an rungumo ƙugunsa amma ya ɗaga hannuwansa sama ya naushe ta zuwa ga abokinsa da ke guje. Ɗayan kuma yana tsaye mita goma a waje, ba kowa a kansa, aka miƙo masa, ya buga gefe ga wani wanda shi ma ba kowa a kansa. A takardar alƙaluma kowannensu ya samu ɗaya. Ta farkon ce kaɗai za ta rayu a AFL, domin sararin da na biyun ya samu babu shi a can. Ni alama nake yi wa irin ta farko, in ƙirga su daban. Wanda ya tara irinta takwas ya fi mini wanda ya tara ashirin na sarari.

Ka kula da 'yan baya masu dawo da ƙwallo bayan an ci maki ɗaya, wato in bugun neman gol ya kauce ya bi ta gefen raga. Tun da aka sassauta dokar a 2019, mutum na fita daga akwatin raga da gudu ya buga, a lissafa masa. In abokan hamayya sun yi ta ɓarar da dama, ɗan baya ɗaya zai iya tara bakwai ko takwas ta wannan hanya ba tare da kowa ya taɓa rigarsa ba. Cire su daga lissafinka.

Haka ma kason ingancin bugu, wanda mutane ke ɗauka tamkar hukuncin kotu. A ma'aunin Champion Data, kamfanin da ke tattara alƙaluman AFL, doguwar bugu da ta wuce mita 40 ta sauka inda kowa na iya samu ana lissafa ta a mai kyau, gajeriyar da ta isa hannun abokin wasa ma haka. Ke nan mai buga gefe da baya zai fito da kashi tamanin da wani abu, wanda kuwa ya yi ƙarfin halin ratsa tsakiyar fili zai fito da sittin. Koci ya san wanne ne ya kai ƙungiya gaba. Kai ma sai ka duba: bugun ya karya layin tsaro? Ya sauka a ƙirjin ɗan gaba, ko a kan kansa inda 'yan baya uku ke jira? Yana iya bugawa da ƙafarsa ta biyu in an toshe masa ta farko?

Ɗan baya na gaske kuwa, ranar da ya fi yin kyau takardarsa kusan fara take. Rubuta wa aka ba shi ya tsare, sau nawa aka jefo musu ƙwallo su biyu, sau nawa ya sha kaye. Naushe ƙwallo daga hannun mai shirin cafkewa aiki ne cikakke. In wanda ya tsare ɗan gaba ne mai kwantiragin AFL kuma ya tashi ba gol, wannan ya isa labari.

Ɗan gaba kada ka yanke masa hukunci da yawan gol kaɗai. A ƙungiya ta biyu ƙwallo na isowa gaba a hargitse. Filin Williamstown a bakin teku yake, na Casey ma iskarsa sananniya ce, akwai zangon da ƙwallo ba za ta leƙo gefensa ba sam. Duba ko yana fita neman ƙwallo sau biyu sau uku a hari ɗaya, ko yana sauko da ita ƙasa in ya kasa cafkewa don ƙananan su tsinta, ko yana bin ɗan baya da gudu in an ƙwace. Gol biyar da aka ci uku a ciki bayan wasa ya riga ya mutu ba su kai biyu a lokacin da ake kunnen doki ba.

Dogon tsakiya kuma, yawan doke ƙwallo ba komai ba ne in wanda ya kara da shi ya gaza shi da santimita goma. Ƙirga waɗanda suka sauka a hannun nasa, sannan ka ga me yake yi bayan ƙwallo ta taɓa ƙasa.

Abin da kyamara ba ta nunawa

In kana Ostareliya, je filin. Kuɗin shiga kaɗan ne in an kwatanta da na AFL, ana kuma barin mutane su shiga fili a hutun zango su tsaya kusa da da'irar 'yan wasa su ji abin da koci ke faɗa. Nan za ka ji wa aka ce ya koma baya, wa aka yi wa faɗa. Tsaya bayan raga ko da zango ɗaya ne. Daga nan ake ganin wanda ke komawa tsaro da gudu in an ƙwace ƙwallo, da wanda ke tafiya hannu a ƙugu yana jiran a sake samowa. Masu zaɓen 'yan wasan babbar ƙungiya suna kallon wannan fiye da komai, don a AFL mutum ɗaya ya yi lalaci an huda tsarin gaba ɗaya. Ka fi sa ido a zango na huɗu, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai yanzu ka buɗe alƙaluma

Ka gwada su da takardarka. In sun saɓa, koma ka sake kallon zangon. Waɗanda nake dubawa su ne ƙwallon da aka ƙwato cikin turmutsutsu, fitarwa daga inda aka jefa ƙwallo, damƙe abokin hamayya, da tare bugun abokan hamayya. Sauran ƙari ne.

Kada kuma ka ɗauki kyaututtukan gasa a matsayin hujjar cancanta. Tom Gribble na Werribee ya ci kyautar Liston ta gwarzon VFL sau biyu, a 2019 da 2022, ɗan wasa ne na ƙwarai, amma bai buga AFL ba. Tom Stewart kuwa daga ƙungiyar Geelong ta VFL aka ɗauko shi a 2016 a zaɓi na 40 na zaɓen sababbin 'yan wasan AFL, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan bayan ƙasar. Ƙuri'ar alƙalan wasa, wadda da ita ake ba da irin wannan kyauta, tana faɗin wanda ya fi fice a ranar, ba ta faɗin wanda salonsa zai hau sama.

Rubutawa

Gajarta. Kowane ɗan wasa layi uku ko huɗu: aikin da aka ba shi, abu ɗaya da ya yi wanda zai yi amfani a sama, abu ɗaya da ya rage masa. Ba na ba da maki bisa goma, don yana haɗa mai jinya da ɗan bana a sikeli ɗaya. Kasa su uku: wanda ya shirya yanzu, wanda ke kusa, wanda ke buƙatar lokaci. Kada ka ce a ɗauko kowa a kan wasa ɗaya, jira uku ko huɗu a jere, aƙalla ɗaya a ciki da ƙungiya mai ƙarfi. In ka ce a ɗauko wane, faɗi wanda zai fita ya ba shi wuri. Yaran nan da iyayensu suna karanta abin da ake rubutawa, don haka ka soki bugun da ya lalace da minti da zangon da ya faru, ka bar halin mutum. 'Yan cike gurbi ma a ba su layinsu, don tun da aka dawo da zaɓen sababbin 'yan wasa na tsakiyar kaka a 2019 akan ɗauki wasu daga cikin irinsu.