Yadda Za a Gane Ko Tawagar da Ke Kula da Yaro Mai Matsananciyar Damuwa Tana Aiki

Yaron da damuwa ta yi wa katutu, yana firgita da dare, yana dukan ƙannensa, ya daina zuwa makaranta, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa ake haɗa masa tawaga: iyaye, malamin aji, ma'aikacin jin daɗin jama'a, likitan ƙwaƙwalwa, wani lokaci har da malamin Islamiyya ko kawun da yake jin maganarsa, sannan mutum guda mai haɗa kansu. A Amurka, inda tsarin ya bunƙasa, ana ce masa Wraparound. A Jos, inda har yau akwai gidajen da ba su warke daga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ba, buƙatarsa a fili take. Sai dai rahotanni da yawa zama kawai suke ƙirgawa, alhali abin aunawa shi ne rayuwar yaron.

A fara awo kafin zaman farko. Akwai takardar tambayoyi ta SDQ, mai auna matsalolin ɗabi'a da damuwar yaro da kuma kyawawan halayensa, da Robert Goodman ya fitar a 1997: tambaya 25, kowace da maki 0, 1 ko 2, a rukuni biyar. Rukuni huɗu ake haɗawa su ba da jimillar matsala daga 0 zuwa 40. Mai riƙon yaro ya cike ɗaya, malami ɗaya, shi ma yaron ɗaya idan ya kai shekara 11. Idan karanta wa mutum za a yi, a riƙe kalmomi iri ɗaya kowane lokaci, kuma kada mai haɗa tawagar ya yi tambayar, domin iyaye ba sa son kunyata wanda ke yi musu ɗawainiya. Iyakar maki 17 da ake ambata a takardar iyaye a matsayin alamar matsala mai tsanani, daga yaran Birtaniya aka samo ta, don haka a fi kula da hawa da saukar makin. A ƙara da kwanakin da ya halarci aji daga rajistar makaranta, sau nawa ya gudu daga gida a wata guda, da wanda yake zaune a hannunsa.

Sai a duba ita tawagar, nan ne aikin yake. Wani da ba ya cikinta ya zauna a zama ɗaya da takarda, yana sa alama duk lokacin da wani ya yi magana. Idan likita da malami suka cinye zaman, uwa kuwa “to” kawai ta ce, ba a yi tawaga ba tukuna. Bayan an tashi, mace ta keɓe da ita ta tambaye ta: “Maman yara, cikin abin da aka tsara, wanne ne ke kika kawo?” Sannan: “Idan ya birkice da ƙarfe biyun dare, wa za ki kira?” In ta yi shiru, shirin gaggawar a takarda ya tsaya. A lura da alkunya: idan ɗan fari ne, uwa na iya ƙin sakin baki a kansa, sai a nemi kaka ko goggo. A ɗauko tsarin da aka rubuta, kowane aiki da sunan mai yinsa da ranarsa, a ƙirga nawa aka cika. Uku cikin goma na nuna wani a tawagar ya ɗauki abin da ba zai iya ba.

A maimaita awon a wata na uku, na shida da na goma sha biyu.

Tarko biyu ke ɓata sakamako. Na farko, yawanci ana kawo yaro ne a lokacin da abin ya fi tsananta, saboda haka makinsa kan sauka da kansa ko ba a yi komai ba. Maganinsa a kwatanta da yaran da ke jiran shiga tsarin, a kuma rubuta ranar da aka fara ba shi magani, da lokutan hutu, azumi ko dokar hana fita. Na biyu, waɗanda suka daina zuwa. Iyalin da kuɗin mota daga Bukuru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ya gagara sau da yawa su ne mafi shan wahala, kuma idan suka fita daga lissafi sai rahoto ya yi kyau na ƙarya. A karɓi lambar waya biyu tun ranar farko, a bi su har gida, a rubuta yawansu da dalilinsu.

A sa lamba a madadin sunan yaro, a nemi izinin iyaye kamar yadda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada. A kai wa iyalin sakamakonsu a zama na gaba, da Hausa, a kan takarda ɗaya. Idan wata shida suka wuce makin bai motsa ba, rajista ma haka, a koma kan buƙatar da aka rubuta tun farko a sake tambayar yaron da kansa, ba a gaban malaminsa ba.