Babi na 7: Yini Ɗaya a Kurmi Tare da Masu Binciken Tsirrai

Tun jiya malami ya ce kowa ya zo da abu ɗaya daga gida: ƙwarar goro, ko namijin goro, ko kimba, ko masoro, ko citta mai 'ya'ya. A zuba su a faifai a ajiye a tsakiyar aji.

Duk abin da ke cikin faifan nan a Kano muka saye shi, amma daga nesa ya zo. Goron da ake saukewa a Mariri, da kimba da masoron da ake daka yajin mai jego da su, 'ya'yan kurmi ne. Ba kasuwarmu ta Kurmi ba, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kurmin da muke nufi shi ne dajin kudu mai duhuwa, irin na gandun dajin Kuros Riba da aka kafa a 1991, da na Okomu a Jihar Edo. Ruwan da ke sauka a Kano a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba. A wajen Kalaba yakan kusa 3,000. Shi ya sa itatuwan can suke yin tsayin da namu ba sa yi.

Karatu

Da asuba ake tashi daga sansani. A tawagar akwai mai bincike, da mai riƙe littafi, da mai hawa bishiya, da ɗan jagora, wanda yawanci maharbi ne ko manomi daga ƙauyen da ke kusa. Kowa na sanye da dogon takalmin roba saboda taɓo da macizai. An ɗauki adda, da tef na awo, da guduma da ƙusoshi, da lambobin alminiyam, da fenti, da tsani, da buhuna, da fensir. Fensir fa, ba biro ba, domin in ruwa ya taɓa takarda tawada takan baje, aikin yini ya salwanta.

Cikin kurmi ko da tsakar rana sai ka ce magariba ta kusa. Hasken da ke isowa ƙasa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, ganyayen sama sun tare sauran. Gumi ba ya bushewa a jiki. In an ci karo da layin kwarkwasa, tsallakewa ake yi da sauri.

Ba a iya ƙirga itatuwan daji duka, don haka ake yanke fili a yi aiki a kansa. Filin hekta 1 ne: mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Ana jan igiya a raba shi ƙananan gidaje 25, kowanne mita 20 sau mita 20, a riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk bishiyar da kaurinta, wato faɗin jikinta daga gefe zuwa gefe, ya kai santimita 10 sai an auna ta. Wurin awon ɗaya ne ga kowa: mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum. A shafa fenti a wurin, a buga mata lamba, mai awo ya faɗa da ƙarfi, mai littafi ya maimaita kafin ya rubuta. Wasu manyan itatuwan suna da saiwoyi masu faɗi da suka taso kamar katanga, har su fi mutum tsayi. A nan tsani yake amfani, domin sai an hau an wuce saiwoyin ake samun ainihin kaurin itacen.

Awo mai sauƙi ne. Sanin sunan bishiyar shi ne wuya, don ganyenta na can sama, mita 30 ko 40. Sai ɗan jagora ya ɗan sari ɓawon da adda. A duba launin cikinsa. A shinshina. A jira a ga ko zai fitar da ruwa fari kamar nono, ko ja, ko ƙaro. Sau da yawa kafin mai bincike ya buɗe baki, ɗan jagora ya riga ya faɗi sunanta da harshensu, da dabbar da ke cin 'ya'yanta, da cutar da ake magancewa da ɓawonta. A ganina mutumin nan malami ne cikakke, kuma hakkinsa ne sunansa ya shiga littafin tare da na mai bincike. Irinsa muna da su a nan, masu sayar da sassaƙe da saiwa, waɗanda da ƙamshi kaɗai suke rarrabe itace da itace.

Duk da haka sai an samo shaida. Mai hawa ya hau, ko a miƙa doguwar sanda mai wuƙa a kai, a yanko reshe. An fi son mai fure ko 'ya'ya, don itatuwa da yawa ganyensu iri ɗaya ne, furen ne ke bambanta su. Nan take a ba reshen lamba, a rubuta abin da zai ɓace in ya bushe: launin fure, ƙamshi, tsayin bishiyar, da irin wurin da ta fito.

Da yamma a sansani ake shimfiɗa kowane reshe cikin tsohuwar jarida, a rubuta lambarsa a jikin jaridar, a sa kwali tsakani, a matse da katako biyu, a ɗaure tamau. Danshin kurmi yana sa ganye ya yi fumfuna cikin kwana biyu ko uku, don haka ko a ɗora matsin bisa ɗumin risho, ko a jiƙa jaridun da sifirit a ƙulle a leda har a fito gari. Daga nan sai ɗakin adana busassun tsirrai. Mafi girma a Najeriya yana Ibadan, a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa. Jami'ar Bayero ma tana da nata. Bayan 'yan shekaru a dawo filin, a nemi fentin nan, a sake awo, a ga wadda ta ƙara kauri da wadda ta mutu.

Wani zai ce, "Malam, ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ina ruwana da wannan?" To, Baba, dubi aikin da kyau. Rabinsa awo ne, rabinsa rubutu, kuma duka biyun kana koyonsu a ajin nan. Reshen da ba a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka samo shi ba, komai wahalar da aka sha a kansa, masu bincike ba sa iya kafa hujja da shi.

A rubuta kalmomin nan sau uku-uku: kurmi, ɓawo, saiwa, ƙirji, hekta, fumfuna. A lura da lanƙwasar ɓ da ƙ.

Aiki

A ari tef ɗin tela. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita; da santimita za mu yi aiki. A yanki kara mai tsawon santimita 130. A zaɓi bishiya ɗaya a unguwa, darbejiya ko tsamiya ko mangwaro, a nemi izinin mai ita. A jingina karan a jikinta, a zagaya tef daidai kan karan. In ta fi ƙarfin tef ɗin, a zagaya igiya sannan a auna igiyar.

Abin da aka samu zagaye ne. Don a san kauri sai a raba shi da 3.14. Misali, zagaye 157 a raba da 3.14 ya ba da kauri santimita 50. Yanzu kowa ya gwada: in zagaye 314 ne, kauri nawa?

Sannan a yanko ɗan reshe da bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, a shimfiɗa shi cikin jarida, a juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, a danne da allo a ɗora bulo. A riƙa canza jaridar kullum. Mu iskarmu busasshiya ce, musamman da hunturu, don haka ba ma bukatar risho.

A wata 'yar takarda kowa ya rubuta da hannunsa: sunansa, kwanan wata, unguwa, sunan bishiyar, kaurinta, launin furenta in tana da shi, da amfanin da ya sani nata. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa a allo, shi kuma ya kwafa. A zo da reshen da takardar ranar darasi na gaba.