Notin da jijjiga ba ta kwancewa

Masu babur da janareta, in noti ya ishe ku da kwancewa, ku nemi mai zoben roba a bakinsa. Robar ce take cije kusar. Da hannu za a fara shigar da shi, daga nan sai sifana, kuma ɓangaren robar waje yake kallo. A ɗaure har kan kusar ya leƙo.

Amma kada a sa shi a jikin salansa. Zafi ya haura digiri 120, robar ta saki ke nan. Nan sai na ƙarfe zalla.

Kuma don Allah, wanda ya sha kwancewa har yana shiga da yatsa a yar da shi, ya gama aiki.